Muryar Mai Lamba 5: Tafiyarmu Gombe da 'Yan Matan Ƙwallo

Tun kafin a kira assalatu na isa ƙofar makarantar da muke atisaye a Bauchi, ina riƙe da buhun ƙwallaye a hannu ɗaya, akwatin magani a ɗayan, sanyin hunturu kuwa yana ratsa mayafi har ƙashi. Ranar Asabar ce a cikin hutun ƙarshen zangon farko, ranar da muka shafe kusan wata biyu muna shiri dominta, saboda a ranar ce ƙungiyarmu ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 15 za ta fita wajen jiha karo na farko, ta buga wasan sada zumunta da wata ƙungiya a Gombe. Ni malamar wasanni ce, kuma shekara ta huɗu ke nan ina horar da waɗannan yara tare da wani dattijo da ya yi tamaula a ƙuruciyarsa, wanda yaran ke kira Baba Koci. Bayan sallar asuba sai yaran suka fara ɓullowa, wata a bayan babur ɗin mahaifinta, wata yayanta ya rako ta da ƙafa, kowace da ƙullin masa ko ƙosai a leda, ta naɗe takalmin ƙwallo a cikin tsohon zane kamar abin gado.

Duk wanda ya ga motar haya cike da yara mata sanye da jesi zai ɗauka aikin ya fara ne daga fili, alhali a zauren gidajen iyayensu ya fara. Gida 17 na shiga da ƙafata, wani sau ɗaya, wani sau uku. A kowane gida nakan durƙusa in gaida mahaifin, in shiga ciki in gaida iyaye mata, sannan in shimfiɗa sharuɗɗan da muka ɗora wa kanmu tun kafin a ɗora mana: ba kwana a hanya, za a dawo da kowace yarinya har ƙofar gidansu a daren ranar, za a tsaya a yi salla a kan lokaci, kuma mace ɗaya daga cikin iyaye za ta bi mu ta zama idon sauran. Na kuma riƙa tafiya da takardar sakamakon jarrabawar kowace yarinya, domin dokarmu ce cewa wadda karatunta ya ja baya za ta huta da atisaye har sai ta gyara. Wannan doka ta fi duk wani bayani nawa tasiri a wurin iyaye, domin suna gani da idonsu cewa ƙwallon ba kishiyar boko ko Islamiyya ba ce.

Gida 16 sun amince. Na 17 shi ne gidan 'yar wasan gabanmu, wadda ta fi kowa cin ƙwallo. Mahaifinta ya saurare ni har na gama, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malama, na yarda da ke, kuma ban hana ta wasa a cikin gari ba. Amma tafiya da budurwa wani gari, zuciyata ba ta kwanta ba." Na ce, "To Baba, Allah ya ƙara girma, yadda ka ce haka za a yi." Na fito da nauyi a ƙirjina, amma ban koma don in matsa masa ba, kuma na hana yaran yin zancen. Amanar da ya ba ni ta kwana uku a kowane mako ta fi mini wasa ɗaya, kuma na san ranar da na ja igiyar da ƙarfi, tsinkewa za ta yi, yarinyar ce kuma za ta yi asara.

Gaskiya ne cewa shiga gidaje ya ɗan yi sauƙi tun daga watan Yuli na 2025, lokacin da tawagar matan Najeriya, Super Falcons, suka ci kofin Afirka na mata karo na 10, bayan Maroko ta sa musu ƙwallo 2 a Rabat suka farke suka ƙara, aka tashi 3 da 2. Wanda ya horar da su a gasar, Justine Madugu, ɗan jihar Adamawa ne, ɗan yankinmu na Arewa maso Gabas, kuma da aka ji gwamnatin tarayya ta sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar girma ga kowace 'yar wasa, sai wasu iyayen da a da ko kallon filin ba sa yi suka fara tambayata ko 'yarsu za ta kai can. Nakan amsa musu da abin da na sani: cikin yara masu yawa ƙalilan ne ke kaiwa wannan matsayi, kuma ban taɓa yi wa kowa alkawarin dala ba. Abin da zan iya ɗaukar alkawarinsa shi ne lafiyar jiki, da ladabin zuwa a kan lokaci, da yarinyar da za ta iya tsayawa ta yanke shawara cikin ƙiftawar ido.

Mun yi addu'a, Musulmi da Kirista kowa a yadda ya saba, domin a cikin yaran akwai Hausawa da Fulani da Jarawa da Sayawa, sannan muka ɗau hanya. Na roƙi direba ya bi da mu ta gaban filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, gidan ƙungiyar Wikki Tourists. Na gaya wa yaran cewa a wannan filin an buga wasannin gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, tun kafin a haife su, kuma dukansu gasannin maza ne. Suka leƙa ta taga suna kallon katangar da manyan fitilun cikin hazo. Ƙaramarsu, wadda muke kira Auta, ta ce, "Anti, mu yaushe za mu buga a ciki?" Na ce mata sai ranar da ta iya tare ƙwallo da ƙafar hagu kamar yadda take yi da ta dama, kuma ba da wasa na faɗa ba.

Tsakanin Bauchi da Gombe kimanin kilomita 150 ne. Da muka fita gari hazo ya lulluɓe duwatsu, gonaki duk an girbe sai karan dawa a tsaye, shanu suna kiwo a cikinsu. A gadar Dindima muka tsallaka kogin Gongola, wanda ruwansa ya ja baya ya bar yashi fari fat, muka wuce mararrabar da ake juyawa zuwa Yankari. Matar da iyaye suka wakilta, wadda dukanmu muke kira Goggo, tana zaune kusa da ni. Ta daɗe tana duban kayan da yaran suka sa, sannan ta tambaye ni ko ba za a hana su shiga fili da ɗan hijabin da ke kansu ba, domin ta ji ana cewa dokar ƙwallo ta haramta.

Na yi mata bayani cewa a da an hana, daga 2007, amma hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta ba da damar gwaji a 2012, ta kuma halatta rufe kai gaba ɗaya a 2014, bisa sharaɗin ya zama baƙi ko launin rigar, kada a haɗe shi da rigar, kuma kada ya kasance da abin da zai ji wa mai shi ko wata ciwo. Shi ya sa namu tela ya ɗinka su da yadi mai roba, babu fil babu allura, sannan kowace yarinya tana sa dogon wando mai kama jiki a ƙarƙashin gajeren. Na ƙara mata da cewa a gasar kofin duniya ta mata ta 2023 wata 'yar bayan Maroko, Nouhaila Benzina, ta buga da hijabinta duniya tana kallo. Goggo ta gyaɗa kai ta ce za ta kai wannan labarin ga matan unguwa, domin shi ne abin da suka fi yin gardama a kai.

Babban abin da ya bambanta horar da 'yan mata da horar da maza a wurinmu shi ne lokacin farawa. Yaro namiji tun yana shekara 5 yake bin ƙwallon tsumma a lungu, har ya kai 12 ya taɓa ƙwallo sau da ba za su ƙirgu ba, ba tare da wani ya koya masa ba. Yarinya kuwa takan zo mana tana da shekara 11 ko 12, ba ta taɓa sa ƙafa a ƙwallo ba, kuma sai ta gama wanke-wanke da ɗebo ruwa, wata ma sai ta dawo daga talla. Saboda haka ba mu ɓata lokaci a dogon gudun zagaye fili ko jera yara a layi suna jiran bugu ɗaya. Muna raba su huɗu da huɗu a ƙaramin fili da muka shata da robobin ruwa cike da yashi, inda kowace za ta taɓa ƙwallo sau da yawa, ta yi kuskure sau da yawa, ta gyara. Muna yin da'ira, biyar a waje suna ba juna, biyu a tsakiya suna neman ƙwacewa. Muna ba kowace aikin gida na buga ƙwallo a bango da ƙafar da ba ta saba ba. Muna koya musu waiwaye kafin ƙwallo ta iso, don yarinya ta san inda za ta kai ta tun ba ta karɓa ba. A waɗannan duka sun ci gaba ƙwarai, har wasu samarin da ke zuwa kallo don dariya suka koma kallo don sha'awa.

Abu ɗaya ne ya gagare ni shekara huɗu, kuma shi ne ya hana ni barci a daren tafiyar. Yarana ba sa magana a fili. Ƙwallon ƙafa wasa ne na mutum 11 da ido 22, amma idon da ke bayanka ba ya amfanarka sai mai shi ya buɗe baki. Dole wadda ke baya ta ce wa ta gabanta ana zuwa, dole mai tsaron gida ta ce tata ce, dole 'yan baya su fita tare don a kama abokan karawa da satar gida, wato laifin wuce 'yan baya kafin a bugo ƙwallo. Mu kuwa an raine mu a kan cewa ɗaga murya a gaban maza rashin kunya ne, kuma kunya ado ce da ni kaina nake so ga 'yata. Sai yarinya ta ga haɗari yana tafe wa 'yar'uwarta, ta san abin da ya kamata a faɗa, amma ta haɗiye. Da na ga haka sai na ɗauki nauyin maganar duka a kaina, na zama ni ce bakin ƙungiyar daga bakin layi, ina kiran kowace da inda za ta bi. A tunanina taimako nake yi.

Wadda shirunta ya fi damuna ita ce mai lamba 5, 'yar bayan tsakiya, doguwa mai nutsuwa, wadda take karanta wasa fiye da shekarunta. Takan ga inda ƙwallo za ta faɗa tun kafin a buga, amma ko a gaisuwa sai ka matsa kusa kafin ka ji abin da ta ce.

Mun tsaya a Alƙaleri yaran suka karya da shayi da abin da suka ƙullo, kuma na hana kowa lemon kwalba, na sa kowace ta sha ruwa ko ba ta jin ƙishi, domin iskar hunturu tana busar da jiki mutum bai sani ba. Da muka tashi rana ta ɗan ɗaga, jiki ya saki, sai wata daga kujerar baya ta fara tafi, wasu suka kama, kan ka ce kwabo motar ta zama dandali. Waƙar gaɗa suke yi, suna sa sunayen juna a ciki, suna yi wa Baba Koci kirari. Na juya don in ga mai ba da waƙar, domin muryar ta cika motar, tana da kauri, tana yanke baiti daidai inda amshi zai shiga. Mai lamba 5 ce. Ita ke ja, 15 suna amsawa, idan amshi ya yi sanyi ta ɗaga hannu su ƙara. Na zuba mata ido har muka wuce filin jirgin sama na Lawanti, ban ce komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Mun shiga Gombe ta Tumfure wajen ƙarfe 10, hanya tana gangarawa cikin gari, zafi kuma ya ɗara na Bauchi. Gombe da Bauchi jiha ɗaya ce har zuwa 1 ga Oktoba 1996, shi ya sa ba mu ji baƙunta ba, hatta direbanmu yana da dangi a Jekadafari. Muka bi ta gaban filin wasa na Pantami inda Gombe United ke wasa, sannan muka isa makarantar da masu masaukinmu ke atisaye. Filin ƙasa ne mai tauri, an share shi an zuba toka a layuka, an ɗaura raga sabuwa saboda mu. Mai horar da su dattijo ne mai furfura, ya tarbe mu da kansa, ya ba mu aji ɗaya mai labule don yara su sauya kaya, ya nuna mana inda ruwa yake da inda za a yi salla. Muka yi shawara aka tsayar da minti 35 kowane rabi, da hutun shan ruwa a tsakiya, da damar sauya 'yan wasa ba iyaka.

Kafin kowane wasa muna yin ɗumama jiki na kusan minti 20 bisa tsarin da ake kira FIFA 11+, kuma a kan wannan ba na sassauci. Tsagewar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun mata 'yan ƙwallo fiye da maza, galibi ba tare da wani ya taɓa su ba, sai dai wajen dirowa daga tsalle ko juyawa da sauri gwiwa ta karkata ciki. Yarinyar da wannan ya same ta a gidan da ake neman na cefane, da wuya ta sami aikin tiyatar da za a gyara ta, ƙwallonta ya ƙare ke nan, wataƙila ma da ɗingishi. Saboda haka muna koya musu dira a kan ƙafa da gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsu, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da ƙarfafa cinya ta baya. Tsayuwar ƙafa ɗaya ba ta ba su wahala ba, domin duk wadda ta yi 'yar gala-gala a tsakar gida ta riga ta iya rabinta. A cikin ajin kuma, bayan an rufe ƙofa, na yi tambayar da Baba Koci ba zai iya yi ba. Biyu suna cikin al'ada, ɗaya tana ciwon mara. Na ba su audugar mata daga akwatina, na ce wa mai ciwon ta gaya mini da zarar ta ji jiri. Yara da yawa suna barin ƙwallo a wannan shekarun ba don an hana su ba, sai don babu macen da za su gaya wa irin wannan.

Alƙalin wasa ya hura usur, kuma minti 10 na farko sun nuna mini bambancin da ke tsakaninmu. A ƙafa ba su fi mu ba, a gudu ma haka. Amma filin nasu cike yake da murya. Suna kiran juna da Hausa, wani lokaci da Fulatanci, wasu biyu a gefen dama suna yi da Tangale don kada mu gane. Namu kuwa shiru, sai muryata. Ƙwallo ta farko ta shiga ne a bugun kusurwa, mai tsaron gidanmu ta fito, 'yar bayanmu ma ta tashi, babu wadda ta ce tata ce, suka yi karo, ƙwallo ta faɗi a ƙafar baƙuwa. Ta biyu kuma 'yar tsakiyarmu ce ta karɓi ƙwallo ta ba gidan abokan karawa baya, aka zo ta bayanta aka ƙwace, alhali mutum uku daga cikinmu suna kallon mai zuwan. Na yi ihu daga bakin layi, amma kafin muryata ta tsallaka rabin fili an riga an wuce.

A lokacin hutun shan ruwa na lura da dattijon can. Yana zaune a kan benci, hannu a haɓa, tun da aka fara bai tashi ba, bai kuma ɗaga murya ba. Da muka haɗu wajen randar ruwa na gaishe shi na ce, "Baba, na ga ba ka ce musu komai." Ya ce, "'Yata, na faɗi nawa tun ranar Alhamis. Idan na cika filin da muryata, tasu a ina za ta zauna?" Ya koma bencinsa. Maganar ta shige ni, domin ta haɗu da abin da na gani a mota. Shekara huɗu ina neman yaran su yi magana, kuma shekara huɗu ina riga su faɗin duk abin da za su faɗa.

Aka tafi hutun rabin lokaci ana cinmu 2 da nema. Yaran suka zauna a inuwar dalbejiya kai a sunkuye. Kyaftin ɗinmu ta ce ai Falcons ma haka aka yi musu suka farke. Na ce mata haka ne, amma yau ba maganar farkewa nake so mu yi ba, abu ɗaya kawai za mu gyara. Na kira mai lamba 5 na ce, "Ɗazu a mota wa ke ba da waƙa?" Ta rufe fuska da tafin hannu. Na ce, "Ba laifi kika yi ba. Ke ce zabiyar wannan ƙungiya. Daga inda kike tsaye kina ganin kowa. Ki ba da waƙa, su amsa." Muka tsayar da kalmomi kaɗan da kowa zai riƙe: "bayanki" idan ana zuwa, "juya" idan babu kowa, "fita" idan za a matsa gaba tare, "tawa" ga mai tsaron gida. Sannan na gaya musu cewa ni zan zauna, kuma ba za su ji bakina ba har a tashi. Goggo ce ta ƙarasa mini aikin da ban isa in yi ba. Ta dubi yarinyar ta ce, "'Yar nan, kiran 'yar'uwarki don kada ta faɗi ba rashin kunya ba ne. Ni uwa ce, na ba ki izini."

Zaman nan na minti 35 yana daga cikin mafi wuya da na taɓa yi. Minti biyar na farko ba a ji komai ba, sau biyu na miƙe Baba Koci ya yi mini nuni da hannu in zauna. Sai aka ɗago wata doguwar ƙwallo, na ji "fita!" da muryar nan ta cikin mota, 'yan baya huɗu suka taka gaba kamar an ja su da zare, mataimakin alƙali ya ɗaga tutar satar gida. Yaran suka dubi juna. Daga nan sai abin ya kama kamar wutar kara. Mai tsaron gida ta fara cewa "tawa", 'yan tsakiya suka fara gargaɗin juna, har wadda aka ƙwace wa ƙwallo ɗazu ta ji "juya", ta juya, ta zura wata ƙwallo tsakanin 'yan baya biyu, 'yar gefenmu ta bi ta buga ta shiga. Ba duk kiran ne ya yi daidai ba. Sau ɗaya mai lamba 5 ta ce a fita a lokacin da bai kamata ba, saura ƙiris a ƙara mana ta uku. Na ga ta ɗaga hannu ta karɓi laifin, ta ci gaba da kira, kuma wannan ya fi mini ƙwallon da muka ci daɗi.

Saura minti 12 ana 2 da 1, muna matsa musu, yara uku kuma ba su shiga ba, har da Auta. Baba Koci ya matso ya ce, "Malama, idan muka bar waɗannan a ciki za mu iya yin kunnen doki." Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma zuciyata tana son hakan. Amma na tuna na durƙusa a zauren gidan kowace ɗaya daga cikin ukun nan, kuma babu uban da ya ba ni 'yarsa ta yi tafiyar kilomita 150 don ta riƙe wa wasu ruwa. Yarinyar da ba ta shiga wasa mai zafi tana da shekara 13 ba, ba za ta iya shi tana da 16 ba. Na sa su duka. Ƙarfinmu ya ragu, ba mu farke ba. Auta ta taɓa ƙwallo sau huɗu, ɗaya da ƙafar hagu, kuma na ji mai lamba 5 tana kiranta tana nuna mata inda za ta tsaya. Aka tashi 2 da 1.

Bayan sallar azahar masu masaukinmu suka kawo shinkafa da wake da mai da yaji, yaran ƙungiyoyin biyu suka zauna a tire ɗaya. Ni da dattijon muka daɗe muna hira. Ya tambaye ni shekarun yarana, na nuna masa takardun haihuwa da na makaranta da nake yawo da su, ya nuna mini nasa. Mun yi ittifaƙi a kan cewa rage shekaru cuta ce ga kowa: babbar da aka sa cikin ƙanana tana cin wasa da ƙarfin jiki ba ta koyi komai ba, ƙaramar da ta cancanta kuma an zaunar da ita. Sannan muka zo kan tambayar da ke damun duk mai wannan aiki a yankinmu, wato ina yarinya za ta nufa idan ta wuce hannunmu. Manyan ƙungiyoyin gasar mata ta ƙasa, irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens, suna kudu. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne Adamawa Queens da Nasarawa Amazons, kuma uban da ya yi jinkirin barin 'yarsa ta je Gombe ta dawo a rana ɗaya, ba ƙaramin aiki ba ne ya bar ta ta zauna a Lafiya, mazaunin Amazons. Tawagar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 17 ta Najeriya, Flamingos, ta zo ta uku a duniya a Indiya a 2022, kuma ina son ranar da za a karanta jerin sunayenta a ji 'yar Bauchi ko Gombe a ciki. Abin da ke hannunmu dai shi ne yawan wasa, domin yaran da ke atisaye wata shida ba su kara da kowa ba ba za su girma ba. Muka tsayar cewa za su rama mana ziyara a Bauchi bayan jarrabawar zango na biyu, wasan da 'yar gabanmu za ta buga tunda a cikin gari ne.

Mun baro Gombe bayan la'asar. Kafin mu kai Alƙaleri yawancinsu sun yi barci, kai a kafaɗar juna, ƙura ta yi musu fari a gira. Na kunna fitilar waya na rubuta wa kowace yarinya abu ɗaya da ta yi daidai da abu ɗaya da za ta gyara, na kuma rubuta wa kaina cewa daga yanzu rabin kowane wasan atisaye zan yi shi a zaune. Muka yi magariba a hanya, muka shiga Bauchi ana kiran isha'i, muka fara sauke su gida gida kamar yadda na yi alkawari, ina fita ina miƙa kowace ga iyayenta hannu da hannu.

Gidan su mai lamba 5 ne na ƙarshe. Mahaifiyarta ta fito da fitila har zaure, ta yi mana sannu da hanya, ta tambayi 'yarta yadda aka tashi. Yarinyar ta buɗe baki, sai wata 'yar ƙara ta fito, muryar ta dishe gaba ɗaya. Uwar ta dube ni ta ce, "Malama, me ya sami muryarta? Sanyi ne?" Na ce, "A'a Mama, aiki ta yi da ita. A dafa mata citta da zuma ta sha da ɗumi, kada ta sha ruwan sanyi, ta huta gobe da jibi. Ranar Talata da ƙarfe 4 ina jiran ta a fili."